Ƙoƙon Ruwa a Hannun Hagu

"Tasi'u! Mi ka yi wa hannun mijina?"

Muryar yayarsa Shafa'atu ce a waya, a bayanta kuma hayaniya ta kaure kamar an kama ɓarawo a kasuwa. Tasi'u ya ɗauke hannu daga kan kwamfuta, ya miƙe da sauri har kujera ta kife.

"Wane hannu, Yaya? Mi ya samu Yaya Inuwa?"

"Halilu da samarin gidan Baffa suna cikin garka yanzu haka! Sun datse tiyo, sun tattake albasa, bakin Inuwa jini kawai. Wanga kati naka ne, Tasi'u. Duba katinka!"

Sai layin ya yanke.

Katin yana manne a bangon shagonsa na Birnin Ƙonni, sama da katunan biki da kalandun 'yan kasuwa, don shi ne aiki mafi girma da ya taɓa samu. Wani kamfani daga Yamai mai sayar da famfon da ke aiki da hasken rana ya ba shi kwangilar tsara katin talla, wanda za a aika ta gidan waya ga kowane mai garka da sunansa, tun daga Alela har Malbaza da Illela. A bayan katin akwai wurin adireshi da tambur, wato kan sarki. A gabansa kuma hoto: mijin yayarsa, Inuwa, a durƙushe cikin garkarsa ta Badagishiri yana dariya, yana miƙa ƙoƙon ruwa ga wani dattijo mai farar riga da ya dogara da sanda.

Tasi'u ya duba fuskar Inuwa, lafiya. Ya duba lambar waya, daidai. Ya duba ƙoƙon. Ya bi ƙoƙon da ido zuwa yatsu, daga yatsu zuwa kafaɗa.

Hannun hagu ne.

"Inna lillahi," in ji shi, ya dafe bango.

Dattijon nan Baffa Chindo ne, wan mahaifin Inuwa. Garkar ta Baffa ce tun asali, aro ya ba ƙanensa. Da ƙanen ya rasu sai rigima ta tashi, aka yi shekaru Baffa da Inuwa ko gaisuwa ba sa yi, ko a maƙabarta. Ranar da aka kafa wa Inuwa sabon famfo, Tasi'u ya je ɗaukar hotuna, sai ga tsohon ya shigo garkar ba wanda ya kira shi. Ya tsaya yana kallon ruwa na fita ba igiya ba guga, can ya ce, "Ba ni in sha." Inuwa ya durƙusa, tiyo a hagunsa, ƙoƙo a damarsa. Baffa ya sha, ya goge gemu, ya ce, "Ci gaba da aikinka, kai da ɗiyanka. Na gaya wa ɗana Mutari." Daga su biyu sai Tasi'u a wurin.

Inuwa da kansa ya nace a saka wannan hoton a katin. "Ɗan birni, in ka sa wani ba wanga ba, sai na maido maka yayarka da kayanta," ya ce yana dariya. "Kowa shi gani mun shirya da Baffa." An aika aikin Yamai don bugawa, kafin katunan su dawo Baffa ya kwanta, bai tashi ba.

Tasi'u ya tuna ranar da ya tsara shi sarai. Madam Aminatou ta kamfani ta ce lambar waya ta zauna a gefen dama, manya-manya, ga shi kuma filin da ba kowa a hoton yana gefen hagu. Ya danna abu ɗaya, hoton ya juya kamar a madubi, filin ya koma inda ake so. Sai ya ga sunan kamfani a jikin famfo ya koma baibai. Ya goge shi harafi bayan harafi ya sake rubutawa. Ya gyara rubutun hular Inuwa. Ya cire busasshen dannin da ya kewaye garkar a bayansu ya sa albasa kore shar da sama shuɗiya. Yini guda ya yi yana wannan ƙaƙale, har yana yaba wa kansa. Hannu kuwa bai kalla ba.

Ya cusa kwamfutar a jaka, ya rufe shago, ya tayar da moto, babur ɗinsa. A gidan waya ya tarar da ma'aikacin da ya karɓi buhunan katunan yana shan shayi.

"Akwai sauran katunan kamfanin famfo? A tsai da su, don Allah!"

"A tsai da mi? Tun makon jiya buhun ƙarshe ya tafi. 'Yan kabu-kabu sun raba har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Aiki ya yi kyau, ai sai ka gode muna."

Tasi'u ya fice ya hau moto.

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya, mai ya yi ƙasa. Ya tsaya gaban wani mai sayar da mai a kwalabe, kafin ya yi magana idonsa ya faɗa kan katin, an soke shi da ƙusa a jikin teburin. Wani ya zagaye hannun da jan biro.

"Ka ga Inuwa Bahago?" in ji mai man, yana juye kwalba. "Mutumin Badagishiri ne. An ce baffan nai ne wanga tsoho. Dubi dariyar da ya ke yi, ɗan banza! Dubi kuma fuskar tsohon, wallahi ka san ran nai ya ɓaci."

"Rana ce ta haske mai ido," in ji Tasi'u.

"Kana wurin?"

"Sayar mini da katin."

Mai man ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna rumfar mai shayi, ya nuna mai faci, ya nuna wata motar albasa da aka maƙala katin a gilashinta. "Duka za ka saye? To fara da na direba, shi Abijan za shi."

Tasi'u ya murɗa moto bai karɓi komai ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ya gangara kwarin Badagishiri. Bai bi ta gidan yayarsa ba, kai tsaye ya nufi gidan marigayi. An kafa rumfa a ƙofar gida, dangi sun fara taruwa don sadakar arba'in, daga ciki ana jin dakan gero. A tsakiyar tabarma katuna ne tuli, kowa ya zo da nasa. Inuwa na zaune can gefe shi kaɗai, leɓensa a kumbure, ba wanda ya matsa kusa da shi.

Tasi'u ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban dattawa.

"Ga mai hoton nan," in ji wani ƙaƙƙarfan mutum, ya miƙe tsaye. Halilu ne, ƙaramin ɗan Baffa Chindo, har yanzu akwai taɓon garka a ƙafar wandonsa. "Madalla. Kai ka ɗauka, kai za ka ba da shaida. Ubanmu ya taka da ƙafa tai ya je neman zumunci, wanga ya shayar da shi da hannun da a ke tsarki da shi, shina dariya. Bai ishe shi ba, ya sa anka buga, anka kai gida-gida."

"Zauna, Halilu," in ji wani mai tabarau da ke kusa da liman. Wannan shi ne Mushe Mutari, babban ɗan marigayi, daraktan wata lakwal, makarantar boko, a Malbaza. Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. "Bar shi shi yi magana."

"Laifina ne," in ji Tasi'u. "Da dama ya ba shi, Allah shina gani. Ni na juya hoton a kwamfuta don in samu wurin rubutu. Ga na asali."

Ya buɗe kwamfutar a kan tabarma. Dattawa suka sunkuyo, wasu na kare hasken rana da tafi. Ga Baffa, ga Inuwa, ga ƙoƙo a hannun dama. Liman ya ɗauki kati ɗaya ya kara kusa da gilashin, ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Ikon Allah," in ji shi. "To yaro, ƙaƙa mutum zai koma hagu bayan ya riga ya ba da da dama?"

Nan ne Tasi'u ya yi kuskure na biyu. Yana so su gane, sai ya ce, "Ga shi, Malam, abu ne mai sauƙi." Ya danna. Baffa ya tsallaka gefe guda, Inuwa ya tsallaka ɗaya gefen, ƙoƙo ya koma hagu. Ya sake dannawa, suka koma.

Wani tsoho ya ja da baya yana salati. Halilu ya tafa hannu.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Dannawa ɗaya! To wa ya san wanda anka juya? Ƙila a hanya ya tsaya ƙarƙashin icce ya juya wanga don shi fidda mijin ya tai."

"Dubi rubutun jikin famfo," in ji wani daga baya. "In an juya hoto ai rubutu baibai ya ke komawa, kamar a madubi."

Aka duba na kwamfuta, rubutu daidai. Aka duba na kati, rubutu daidai.

"Ni na gyara na katin," in ji Tasi'u, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ka gyara!" in ji Halilu. "Ka juya, ka gyara, ka sa albasa inda babu albasa. Mi ya rage wanda ba ka taɓa ba? Malam, wanga mutum sana'a tai ke nan, shi mai da ƙarya gaskiya. Kuma ƙanen matar Inuwa ne. Shaidar tai za mu ɗauka?"

Liman ya ajiye katin a hankali. "Ni dai na ga hoto biyu, kowane na rantsuwa. Ba ni iya raba su."

Daga cikin gida wata mace ta ɗaga murya tana kuka, tana kiran sunan Baffa. Inuwa ya miƙe, ya sa takalmi ya bi hanyar kwari. Tasi'u zai bi shi, sai ya ji an riƙe masa hannun riga. Mushe Mutari ne. Ya ja shi bayan rumbu, inda ba mai jin su.

"Rufe na'urarka," in ji shi. "Na san da dama ya ba shi."

Tasi'u ya zura masa ido.

Mutari ya zaro kati daga aljihu, ya ɗora yatsa a ƙirjin mahaifinsa. "Aljihun babbar riga a hagu ya ke. Tun da anka fara ɗinka riga haka ta ke. A katinka ya koma dama. Ranar da katin ya iske ni a buro, wurin aikina, na gani, kafin ma in zauna."

"To mu koma, Mushe! Mu nuna musu!"

"Ka ɗauka Halilu bai gani ba? Shi ya saya wa Baba rigar." Mutari ya cire tabarau ya murza ido. "Saurara, Tasi'u. Ƙannena ba su taɓa yarda a bar garkar nan ba. Maganar Baba kaɗai ta riƙe su, ni kuma ni kaɗai ya gaya wa. Na yi niyya gobe bayan addu'a in faɗa gaban kowa, su ji kunyar jama'a su yi shiru. Sai ga katinka. Matan gidanmu sun je kasuwa an tare su da shi. Innarmu tana cikin takaba, wata ta kai mata har ɗaki wai ta ga mijinta. Yanzu in na buɗe baki na ce a bar wa Inuwa garka, za a ce na sai da mutuncin ubana."

"Sai in sake buga wani, na gaskiya. Ni zan ɗauki nauyi. A aika wa kowa."

"Wanda bai lura da na farko ba sai shi jera su biyu shi lura. Kuma wa zai yarda da na biyun?" Ya mayar da katin aljihu. "Aljihun riga ka iya nuna wa mutum ashirin a rumfa. Katinka ya shiga gidajen da ni da kai ba mu san hanyarsu ba."

"Mushe, ɗiyan Yaya Inuwa daga garkar nan su ke ci."

"Na sani. Ni na yi wa babbansu huɗuba." Mutari ya juya masa baya, ya ɗan tsaya. "An riga an yanke. In ya cire albasar bana, garka ta koma gado. Iyakar abin da na iya ƙwato mai ke nan."

Tasi'u ya bar moto a ƙofar gidan ya gangara kwari da ƙafa. Garkunan mutane a jere, albasa da kabeji da tumatir, ko'ina ana ban-ruwa, kowa ya ɗago ya dube shi sai ya mayar da kai. A bakin garkar Inuwa ya tarar da Shafa'atu tana tattara guntayen tiyon da aka datse. Ta dube shi, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma amsa gaisuwarsa ba.

Inuwa yana kan ƙarfen da aka ɗora faifan hasken rana, yana kwance ƙusoshi.

"Yaya Inuwa, bari. An ce sai ka cire albasa."

"An ce." Inuwa bai sauko ba. "In zauna ina ban-ruwa, yara na leƙe ta danni suna kiran Bahago? Ɗazu ɗana ya dawo daga lakwal, an ce mai shi nuna hannun da a ke cin tuwo da shi a gidanmu."

"Akwai shaida a hoton. Aljihun rigar Baffa. Mushe Mutari ya gani, ya sani. In munka je wurin mai gari..."

"In ja gawar Baffa zuwa fada a kan aljihun riga?" Inuwa ya sauko da faifan, ya jingina shi da mangwaro. Sai a lokacin ya dubi Tasi'u. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi. "Shekara da shekaru ina jiran tsohon nan shi sha ruwana. Ya zo ya sha. Abu ɗaya na roƙe ka, ka nuna wa mutane."

"Wallahi ban lura ba."

"Na yarda. Shafa'atu ta ce yini guda ka yi a kan hoton, ko abinci ba ka ci ba. Mi ka ke dubawa?"

"Sunan kamfani. Ya juya baibai, sai na gyara."

"Ya fito daidai?"

"Ya fito."

"To madalla," in ji Inuwa. "Ko su ba su ji kunya ba."

Ya koma kan famfo ya fara kwance shi daga bakin rijiya. Tasi'u ya tsuguna ya riƙe masa bututu, Inuwa bai hana shi ba, bai kuma kira shi ɗan birni ba. Ruwan da ya rage a ciki ya tsiyaye a kan ƙafafunsu, ya bi kwalbatin albasa ɗan nesa kaɗan ya tsaya. Daga nan ana hango inda su Halilu suka tattake, ganyen ya kwanta, warin albasa ya cika wurin.

"Ina za ka kai shi?" in ji Tasi'u.

"Wani abokina a Alela ya ce akwai fili bayan gidan nai. Ban san ko akwai ruwa a ƙasa ba."

Ƙarar mota ta katse su. Wata babbar mota fara ta sauko daga kwalta, tana tangaɗi a kan hanyar amalanke, ta tsaya daidai bakin danni. A bayanta an ɗaure dogayen ƙarafa da wani abu naɗaɗɗe kamar tabarmar masallacin Juma'a. Wani mutum mai ƙiba, da hular kamfani da baƙin tabarau, ya diro yana share gumi. Ba wanda ya san shi. Hausarsa ta mutanen Yamai ce.

"Salamu alaikum! Nan ne garkar Malam Inuwa?" Bai jira amsa ba, ya cire tabarau ya nuna Inuwa da su. "Kai ne! Wallahi kai ne, har dariyar na gane, ko da yake yau ba ka yi. Sunana Sadisu, daga kamfani. Tun safe nake nemanka. Patron, mai kamfaninmu, ya ce a duk tallan da muka taɓa yi ba wanda ya ja kira kamar naka, waya ba ta hutawa."

Shafa'atu ta saki guntayen tiyon.

"Mi ke cikin motar?" in ji Tasi'u.

"Albishir ke nan! Hoton nan aka buga, girman bangon ɗaki. Ɗaya na mararrabar Tsarnawa, yarana na can sun fara ɗagawa. Wannan na bakin kasuwarku ne, an riga an haƙa ramuka." Ya buga tafi a jikin motar, wasu ma'aikata biyu suka fara kwance igiya. "Kuma patron na so a gayyato iyalan dattijon nan su tsaya a gaba a ɗauke su. Wa zai raka ni gidansu?"